Darasi na 11: Haɗa Wayar Hannu ko MP3 da Rediyon Mota

Mota takan fi abin sauraron da aka ƙero ta da shi tsawon rai. Ga Golf ko Corolla 'yar 1998 tana ta jigila tsakanin Kano da Katsina, injinta garau, amma rediyonta kaset yake ci, kaset kuwa yau sai ka zaga kasuwa kafin ka ga mai sayarwa. Waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo, ƙira'a, tafsirin watan azumi, har da karatun da malamai ke turo wa ɗalibai, duk sun tattara sun koma cikin waya da memori. Direba na da abin da yake son ji a aljihunsa, motarsa na da lasifika huɗu, amma babu abin da ya sada su.

Ba sakacin masu ƙera mota ba ne kacokan. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ya kuwa yi dogon zamani. Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982. A farkon shekarun 1990 aka kammala tsarin MP3, wanda masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi babban aiki a kansa, tsarin da ke matse sauti har ɗaruruwan waƙoƙi su shiga ɗan ƙanƙanin wuri. Apple ya fito da iPod a 2001, daga baya wayar hannu ta haɗiye aikin gaba ɗaya. Ita kuwa mota takan yi shekaru a hannun mai ita na farko a Turai ko Amurka kafin ta sauka a Kwatano ko Legas. Kafin ta iso hannunmu an riga an sauya abin sauraro sau ɗaya ko sau biyu.

Abin da ake so a wannan darasi shi ne ka iya duba motarka ka gane hanyar da ta dace da ita, ka haɗa da hannunka, ka kuma gano inda matsala take idan sauti ya ƙi fita ko ya fito da ƙara. Duk abin da aka faɗa a kan waya, haka yake ga ƙaramar na'urar MP3.

Abin da ke bayan dashbod

Kayan sautin mota kashi uku ne. Akwai tushen sauti, wato tashar da eriya ta kamo, ko kaset, ko faifai. Abin da ke fitowa daga nan 'yar wuta ce mai rauni ƙwarai, ba ta iya motsa lasifika. Sai amfilifaya, wadda ke karɓar wannan 'yar wutar ta ƙara mata ƙarfi da wutar batir. Sannan lasifikokin da ke jikin ƙofofi da bayan kujera, su ne ke mai da wutar ta zama girgizar iskar da kunne ke ji.

Wutar sautin da waya ke fitarwa ta isa ta motsa iyafis, amma ta yi wa lasifikar mota kaɗan. Don haka kada wani ya ce maka zai yanko wayoyin lasifika ya ɗaura su kai tsaye a igiyar wayarka. Ɗan ƙus-ƙus kawai za ka ji, kuma kana iya lalata wayar. Aikinmu duka shi ne kai sautin waya ga amfilifaya. Hanyoyin da aka saba biyar ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Riƙe wannan ƙa'ida: gwargwadon juye-juyen da aka yi wa sauti kafin ya isa amfilifaya, gwargwadon raguwar tsabtarsa. Igiyar da ta kai shi kai tsaye ta fi na'urar da za ta watsa shi a iska sannan eriya ta sake kamo shi.

Duba kafin ka saya

Yawancin kuɗin da ake asara a wannan harka gaggawar saye ce ke cinye su. Mutum ya shiga kasuwar Farm Centre, ya ga wata na'ura mai fitilu shuɗi da ja, ya saya, alhali motarsa na da ramin AUX da bai taɓa lura da shi ba.

Faka motar, ka murɗa makulli zuwa ACC, inda rediyo ke kamawa ba tare da inji ya tashi ba. Karanta rubutun da ke fuskar rediyon. Nemi AUX, USB, BT ko PHONE. Danna maɓallin da aka rubuta wa MODE, ko SRC, ko MEDIA, ka yi ta dannawa kana karanta abin da allo ke nunawa, domin shi ne ke zagaya duk hanyoyin da rediyon ya sani. Daga nan buɗe akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, wanda ake ɗora gwiwar hannu a kai, ka haska ciki da tocila. Buɗe akwatin gaban fasinja shi ma. Kamfanoni da yawa a can suke ɓoye ramukan, wani lokaci ƙarƙashin ɗan murfin roba. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa sama, da yawansu suna da aƙalla AUX.

Igiyar AUX

Idan ka sami ramin AUX, kakarka ta yanke saƙa. Ɗan zagayen rami ne mai faɗin milimita 3.5, irin na iyafis. Abin da za ka saya igiya ce mai kai biyu iri ɗaya, ɗaya ya shiga waya, ɗaya ya shiga mota, sai ka danna MODE har allo ya nuna AUX.

Ɗauki kan igiyar ka dube shi da kyau. Baƙaƙen zobba biyu sun raba ƙarfen gida uku. Tsinin yana ɗauke da sautin hagu, gidan tsakiya sautin dama, gindin kuma shi ne layin da dukansu ke komawa ta kansa. Idan zobba uku ka gani, akwai gida na huɗu na makirfo, kuma wasu motoci ba sa jituwa da irin wannan. Sanin gidajen nan zai sa ka gane cuta da kanka. In lasifikokin ɓangare ɗaya kaɗai ke magana, ko dai kan bai shige har ƙarshe ba, ko ɗaya daga cikin siraran wayoyin ciki ya tsinke. Rigar waya mai kauri takan hana kan shigewa, a cire ta a gwada. Idan ka lanƙwasa igiyar daf da kanta sautin ya dawo, ta tsinke a ciki, sai sabuwa. Ƙurar hunturu kuma takan cushe ramin wayar, a fito da ita a hankali da tsinken sakace na itace, ban da allura.

Wayoyi da yawa yanzu ba su da wannan rami. Apple ya cire shi tun daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu. Ga irin waɗannan akwai ɗan guntun mahaɗi da ake sa wa a ramin caji. A nan a yi hattara: wasu wayoyi sai da mahaɗi mai ɗan ƙwaƙwalwa a ciki, mai mai da bayanan kwamfuta su zama sauti, mara shi kuwa ko motsi ba zai yi ba. Gwada shi a wayarka a gaban mai shago kafin ka biya.

Wajen ƙarar murya akwai tsari. Rage rediyon motar tukuna, ka ɗaga muryar waya zuwa kamar kashi uku cikin huɗu, sannan ka riƙa sarrafawa daga rediyo. Idan muryar waya ta yi ƙasa sosai, dole ka ƙure rediyo, sai ya ɗaga har da shuuu ɗin da ke ƙarƙashin sauti, ranar da ka manta ka koma tasha kuma ya kusa fasa maka kunne. Idan ka ƙure wayar, a wasu wayoyin sautin yakan dagule, kuma dagulallen sauti mai ƙarfi yana cikin abubuwan da ke ƙona lasifika.

Filash da memori

Ramin USB aikinsa daban ne. A nan ba sauti ke bi ta ramin ba, fayiloli ne, rediyon ne da kansa yake karanta su. Shi ya sa sautin ke fita tas, maɓallan sitiyari su yi aiki, wayarka kuma ta huta a aljihu. A ganina, ga direban da kullum yake kan hanya babu abin da ya kai wannan kwanciyar hankali: ɗan guntun filash da ba ya fitowa waje sosai, a soka shi a manta da shi.

Wuri ba matsala ba ne. MP3 mai matsakaicin inganci, wanda ake rubuta wa 128 kbps, yana cin kusan megabait 1 a minti ɗaya. Filash mai gigabait 8 zai ɗauki sama da awa 130 ke nan. Ba ka bukatar mai 64 ko 128, hasali ma manyan su ne ke kawo rigima. Tsofaffin rediyoyi tsarin ajiya ɗaya suka sani, wanda ake kira FAT32, memori mai girman da ya wuce gigabait 32 kuwa da tsarin exFAT yake zuwa daga kamfani. Sai ka soka sabon abu fil, allo ya rubuta ERROR ko NO FILE, ka ɗauka jabu aka sayar maka. Maganinsa a yi masa fomat a kwamfuta a zaɓi FAT32. Fomat yana share komai, don haka a kwashe abin da ke ciki tukuna. Jabun ma akwai shi, wanda aka rubuta masa babbar lamba alhali cikinsa kaɗan ne. Alamarsa ita ce fayilolin farko su yi, na baya su ƙi buɗewa.

Abu na biyu da ke rikita mutane shi ne nau'in fayil. Ba duk sauti ne MP3 ba. Saƙon muryar da ake ɗauka a WhatsApp tsarinsa Opus ne, yawancin rediyoyin mota kuma ba su san shi ba. Ga wanda malaminsa ke turo karatu ta wannan hanya, sai an juya fayil ɗin zuwa MP3 kafin ya yi a filash. Masu tura waƙoƙi a kasuwa sun iya wannan, sai dai ka gaya musu a fili cewa na mota kake so. Ka kuma ce su duba maka filash ɗin, domin kwamfutar da ɗaruruwan memori ke shiga takan kwashi ƙwayar cutar da ke ɓoye folda.

Sai jeri. Wanda ya zuba Alƙur'ani cikakke yana son surori su biyo juna, ba a tashi daga Baƙara a faɗa Yasin ba. A sa wa kowane fayil lamba mai gida uku a farkon sunansa, daga 001 zuwa 114. In aka rubuta 1, 2, 3 kawai, na'ura na iya kawo 10 da 100 kafin 2. Wasu ƙananan rediyoyi ma ba sa kallon suna, jerin da aka zuba fayilolin suke bi, sai a zuba su a jere cikin filash da aka share. A raba abubuwa folda-folda, karatu daban, waƙa daban, don kada shagalin biki ya faɗo tsakiyar wa'azi.

Kada ka yi mamaki idan ka haɗa wayar Android da ramin USB na tsohuwar mota ta kama caji kawai. Rediyon filash yake jira, wayar kuma da wani tsari daban take miƙa fayilolinta. Wata igiyar ma ta caji ce zalla, ba ta da wayoyin ɗaukar bayanai a ciki. Sababbin motoci masu Apple CarPlay, wanda ya fito a 2014, ko Android Auto na 2015, su ne aka gina don magana da waya ta wannan rami.

Bluetooth

Kamfanin Ericsson na Suwidin ne ya faro wannan fasaha a shekarun 1990. Gajeren zango take ci, kamar mita 10, wanda ya ishi mota har ya yi yawa. Haɗawar farko ce kawai ke da ɗan aiki. A yi ta mota na tsaye, domin da yawa ba sa yarda a haɗa suna tafiya. Kunna Bluetooth a waya, ka shiga wurin PHONE ko BT a rediyo ka zaɓi ƙara sabuwar na'ura, sunan motar zai bayyana a wayarka, ka taɓa shi. In an nemi lambar sirri, tsofaffin na'urori galibi 0000 ne ko 1234. Daga ranar, da ka tayar da mota za su nemi juna.

Abubuwa biyu ke hana shi. Motar Kwatano takan zo da sunayen wayoyin mutanen da suka riga ka, rediyon kuma 'yan kaɗan yake iya riƙewa, sai ka goge nasu kafin naka ya samu wuri. Na biyun ya fi ban haushi. Bluetooth na da tsarin kira daban, tsarin kiɗa daban, wanda ake kira A2DP. Motoci da dama na shekarun 2000 na kira kawai suke da shi. Za ka amsa waya lafiya lau ta lasifika, ka kunna waƙa shiru. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta, kada ka ba kowa kuɗin gyara. Idan tana da AUX, akwai ɗan abin karɓar Bluetooth da ake soka wa a ramin, shi ke nan ka huta da igiya.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Muddin waya na haɗe, duk abin da ta furta a lasifika zai fito. Saƙon muryar da uwargida ta turo, ko kiran mai bin ka bashi, fasinjoji za su sha labari. Sannan rediyon yakan nemi izinin kwafe lambobin da ke wayarka. A motar haya ko ta aro, ka ƙi. Ranar da za ka sayar da taka kuma, ka goge wayarka daga ciki.

Kaset mai igiya

Wanda rediyonsa ke cin kaset yana da wata hanya mai arha da aka raina. Wani abu ne mai siffar kaset sak, sai dai babu zare a cikinsa, igiya ce ta fito daga gefe zuwa waya. A cikinsa akwai ɗan kan maganaɗisu da ke fuskantar kan da ke karanta kaset, yana miƙa masa sautin kai tsaye. Sau da yawa ya fi na'urar FM, wato modiletar da za mu zo kanta, tsabta, tun da babu tashar da za ta shigo masa. In sautin ya dushe, a goge kan rediyon da auduga da ɗan sifirit. In rediyon ya yi ta juya shi gaba da baya ko ya tofo shi, haƙoran robar da ke ciki ne suka cije.

Modileta

Wannan ita ce ta cika motocin haya, domin tana yi a kowace mota mai rediyon FM, ko da ba ta da komai bayan haka. Wasu na ce mata MP3 ta mota. Ana soka ta a soket ɗin laita, ta karɓi sauti daga filash, memori ko Bluetooth. Ainihinta ƙaramar tashar rediyo ce mai zangon 'yan mitoci. Tana watsa sautin a lambar da ka zaɓa, rediyon motarka ya kamo kamar yadda yake kamo kowace tasha. Bisa ƙa'idar da muka kafa, ita ce ta ƙarshe a tsabta, amma wanda ya iya saita ta zai ji daɗinta.

Sirrin duka yana wajen zaɓen lamba. Zangon FM daga 87.5 yake zuwa 108. Kafin ka soka modileta, kunna rediyo ka riƙa matsawa da hannu, ba da maɓallin nema ba, har ka sami wurin da babu komai sai shuuu, babu ko burbushin magana. Duba gabansa da bayansa su ma, domin tasha mai ƙarfi takan malalo gefenta. A cikin Kano, misali, wanda ya sa modiletarsa kusa da 99.5 na Freedom Radio ko 93.1 na Arewa Radio ya haɗa 'yar na'urarsa kokawa da babbar eriyar gidan rediyo, kuma an san wanda zai sha ƙasa. In ka sami wurin, sai ka sa modileta a lambar daidai, ka ajiye ta a ɗaya daga maɓallan ajiye tasha. Shuuu ɗin zai ɗauke ɗif tun kafin ka kunna komai, alamar sun haɗu ke nan. Lambar da ta yi maka a Kano tana iya cin karo da wata tasha in ka shiga Zariya ko Kaduna, don haka mai doguwar tafiya ya tanadi lamba biyu ko uku.

Ƙasar da aka ƙera wa motar ma tana da ta cewa. A Amurka tashoshin FM duk a kan lambar mara suke ƙarewa, 88.1, 88.3, 88.5, haka har 107.9, rediyon motar da aka yi don can kuma tsalle yake yi a kan waɗannan kaɗai. Idan ka sa modileta a 90.0, irin wannan rediyo ba zai taɓa tsayawa a kai ba, sai ka ji sauti na shaƙewa. Mai da ita 89.9 ko 90.1. Rediyon da aka yi don kasuwar Japan kuwa, musamman tsoho, daga 76 yake farawa ya tsaya a 90. Mai irinsa ya nemi wuri tsakanin 87.5 da 90, nan ne kaɗai suka yi tarayya.

Direban babbar mota ya karanta jikin na'urar kafin ya soka. Ƙananan motoci wutarsu bolt 12 ce, tirela da manyan motoci da yawa 24. Wadda aka rubuta wa 12 kaɗai za ta ƙone a take, a nemi mai 12 zuwa 24.

Ƙara, fiyus da batir

Akwai wata ƙara siririya, wiii, mai tashi idan ka taka totur, ta sauka idan ka saki. Daga altaneta take, injin da ke cajin batir. Ta fi fitowa idan waya na haɗe da AUX kuma tana caji a soket ɗin laita a lokaci guda, saboda wutar ta sami hanya biyu ta komawa jikin mota, ƙarar ta bi ta igiyar sauti. Zare cajar ka saurara. In ta ɗauke, ka kama ɓarawon. Ko dai ka yi caji kafin tafiya, ko ka sauya caja mai kyau, ko ka sa ɗan abin tace ƙara da ake haɗawa a tsakiyar igiyar AUX. Caja mai arha takan dame har tashoshin FM.

Idan modileta ta ƙi kawo wuta sam, gwada wata caja a soket ɗin. In ita ma shiru, leƙa ciki, sau da yawa tsabar kuɗi ko ɗan ƙarfe ne ya faɗa ya ƙona fiyus. Murfin akwatin fiyus na da zanen da ke nuna na laita. Lambar da ke kansa ita ce ƙarfinsa, launinsa ma na faɗa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. A mayar da mai lamba iri ɗaya. Al'adar nan ta naɗa waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadin fiyus ita ce ke cinna wa mota wuta, domin an ƙera fiyus ne ya ƙone kafin wayarin ya ƙone.

Ka kuma lura ko fitilar modileta na mutuwa idan ka zare makulli. A wasu motoci soket ɗin ba ya yanke wuta. Abin da take ja kaɗan ne, amma motar da ta kwana biyu a ajiye da tsohon batir sai a wayi gari ana turi. Wayar ma kada a bar ta a kan dashbod cikin rana. Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, dashbod ɗin motar da aka rufe a watan Afrilu kuwa ya zarce haka nesa, kuma zafi na kumbura batir.

Idan za a sauya rediyon

Wani lokaci sabon rediyo mai USB da Bluetooth ya fi tara ƙananan na'urori. Girmansu iri biyu ne: mai faɗin milimita 180 da tsayin 50, da mai ninkin wannan tsayin, wato 100. Auna ramin motarka kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. Wannan aikin mai wayarin ne, amma ka tsaya a kansa. A sababbin rediyoyi wayar rawaya ita ce mai wuta kullum, wadda ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye, ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, baƙa ta jikin mota ce. In aka musanya rawaya da ja, kullum ka kashe mota rediyo zai manta komai. Ka nemi a yi amfani da soket ɗin da ya dace da motar maimakon a yanyanke wayoyi a naɗe da salatif. Kafin a cire kan batir kuma, ka tuna wasu rediyoyin asali, irin na Honda da yawa, sukan kulle su nemi lambar sirri idan wuta ta yanke.

A kan hanya

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 4 da ka sunkuya kana neman waƙa, ka shafe fiye da tsawon filin ƙwallo ido rufe. Dokar hanya a Nijeriya ta hana amfani da waya ana tuƙi, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna kuma kama mutane a kai. Zaɓi abin da za ka saurara, ka kunna, ka ajiye wayar, sannan ka saki birkin hannu. In akwai yaron mota ko na gefe, bar masa sauyawa. Igiyar kuma kada ta yi tsawon da za ta naɗe giya ko ta sauka wajen birki. Direba ba ya toshe kunnuwansa da iyafis, yana bukatar jin hon da jiniya da kukan injinsa.

Kunnen ma yana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4. Direban haya yana wuce awa 40 a mota cikin mako. Ba ka da na'urar awo, amma in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, rage.

Aiki

1. Je wurin wata mota, taka ko ta wani da izininsa. Rubuta shekarar ƙirarta, rubutun da ke fuskar rediyonta, da duk ramin da ka gano da inda yake. Wace hanya za ka zaɓar mata, kuma don me?

2. Wani direba ya ce lasifikokin dama kaɗai ke yi idan ya sa AUX, amma duka huɗun na yi idan ya kama tasha. Me za ka fara dubawa?

3. Karatu 60 ne, kowanne minti 45, a kan 128 kbps. Filash mai gigabait 4 zai ɗauke su? Nuna lissafinka.

4. Nemo lambobi uku na FM da babu tasha a kansu a garinku, ka kawo su aji a gwada da na sauran ɗalibai. Ka nuna wadda za ta yi a motar da aka ƙera don Amurka.